Takardu Biyun Malam Amos

Shekara goma sha tara ina buga takardu a biron darekta, wato ofishinsa, a wata ma'aikatar gwamnati mai raba iri da koya wa manoma aiki a jihar Maraɗi. Sunana Atika. Darektoci biyar na gani, kowanne ya zo da sabon labule da sabon alkawari, ya tafi ya bar ni da ordinata ɗina, kwamfutar da nake bugu da ita. Wanda za a ɗaga da wanda za a jefa ƙauyen da ko kabu-kabu, babur ɗin haya, ba ya zuwa, ni nake fara sani, domin ta yatsuna takardarsa take bi. Shi ya sa ake gaishe ni har ƙasa a sarwis ɗin nan, wato ma'aikatarmu, kuma shi ya sa ba ni da ƙawa ko ɗaya a cikinsa.

Malam Amos mutumin Tibiri ne, Kirista, dogo siriri mai jan moto tsoho, wato babur, wanda ake jin ƙararsa tun daga bakin titi. Shekara ashirin da shida yana malamin gona. Da shef ɗin reshenmu na Jiratawa ya rasu, aka ce Amos ya riƙe wurin kafin a ga abin da za a yi. Shekara shida ana ganin abin da za a yi. Shi ne mai tashi da sassafe ya zaga gonakin ban ruwa, shi ne mai raba faɗan manoma kan layin ruwa, amma duk takardar da zai sa wa hannu sai ya rubuta "mai riƙo" a ƙarƙashin sunansa. Saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma ba ya son komai a duniya kamar a tabbatar da shi shef kafin nan. Ba ya ɓoyewa. Duk ranar da ya shigo Maraɗi sai ya leƙo ta tagata ya ce, "Ƙanwata, babu labari?" Ni kuwa in ce babu.

Dalilin da ya sa babu labari kowa ya san shi. A sarwis ɗinmu akwai wata al'ada da ba a rubuta ta ko'ina ba, muna ce mata kai allo. Duk irin da aka kawo gwaji, ana ware masa gona a kafa allon ƙarfe mai sunan irin da ranar shuka. In manyan baƙi za su zo daga Yamai, kuma gonar gwajin ba ta yi kyau ba, sai a tumɓuke allon a kai shi gonar da ta fi kowacce kyau kusa da hanya. Baƙi su zo su ɗauki hoto, su sha lemo, su koma. Washegari a mayar da allo inda yake. Kowane shef yana yi, wasu ma har sun sa an yi wa allonsu ƙafafu masu saukin cirewa. Amos kaɗai ba ya yi. In gona ta lalace, sai ya kai baƙi gonar da ta lalace ya tsaya yana yi musu bayanin tsutsa. Manya kuwa ba sa yin tafiyar kilomita ɗari shida don su ga tsutsa. Ni kaina na sha ce masa a raina, kai dai ka cika taurin kai, wa ya aike ka?

Sai aka kawo mana darekta na biyar, Abdulmutallib. Matashi ne, mai turare, mai iya gaisuwa. Shi ne darektan farko da ya tambaye ni sunayen 'ya'yana, kuma bai taɓa mantawa ba. A shekararsa ta farko wani shiri ya kawo sabon irin tumatir daga waje, aka ba Jiratawa gwaji. Amos ya yi masa duk abin da takarda ta ce. Irin ya tsiro lafiya, ya yi wata guda yana ban sha'awa, sannan ganyensa ya nannaɗe, ya zubar da fure, ya tsaya haka kamar an zage shi. Ana cikin wannan aka aiko cewa misiyo, wato tawagar manya, za ta zo daga Yamai a watan Fabrairu ta duba.

Darekta ya kira Amos biro. Ƙofar da ke tsakanina da shi ba ta rufuwa sosai, kuma ban taɓa neman a gyara ta ba.

"Malam Amos, na duba dosiyenka," in ji darekta. "Walle na ji kunya. Shekara shidda mutum na riƙo? Wanga ba adalci ba ne."

"Haka Allah ya so, ranka shi daɗe."

"Allah bai so ba, mutane ne ba su so. Ni ina so. Amma ka taimake ni in taimake ka. Baƙin ga in sunka tahi da farin ciki, takardarka ni za ni sa mata hannu da kaina. Gonar wa ta hi kyau bakin hanya?"

Na daina bugu don in ji amsar Amos.

"Ta dattijon ga Maman Lawali," ya ce. "Amma irinmu na gida ne ya shibka."

"Tumatir dai ne, ko ba tumatir ba?"

Da ya fito bai leƙo tagata ba. Ranar ce kaɗai bai tambaye ni labari ba.

An tafi da ni ranar ziyarar don in rubuta sunayen baƙi. Allon yana tsaye a gonar Maman Lawali, wani dattijo gajere mai wayo, aminin Amos tun zuwansa Jiratawa. An sa shi ya sa babbar riga a cikin gona, yana ta tattare ta kada ta sha laka. Tumatirin kuwa ya yi 'ya'ya har rassan suna kwanciya. Baƙi suka yi ta santi. Wata mata a cikinsu ta ɗaga guda ta ce ai wannan ya fi na hoto tsawo, na hoton kamar ƙwallo yake. Darekta ya yi dariya ya ce ƙasar gulbi ce, komai aka ba ta sai ta ƙara masa. Aka yi dariya. Aka miƙa wa Maman Lawali abin magana, ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin iri kamar wannan ba. Bai yi ƙarya ba, da hannunsa yake cire irin nan kowace shekara tun zamanin mahaifinsa. Amos yana gefe yana kallon takalminsa. Da yamma aka kawo rahoton da ke cewa gwaji ya yi nasara, ni na buga shi, Amos ya sa hannu.

Da abin ya tsaya nan, da ba komai ba ne, an sha yi. Amma baƙin nan sun ji daɗi fiye da yadda ake so. Bayan wata uku takarda ta zo daga Yamai: tunda iri ya karɓi ƙasar Jiratawa, a raba shi ga dukan manoman ƙungiyar ban ruwa ta wurin a noman rani mai zuwa, kuma taki sai wanda ya karɓi irin za a ba. Aka sa muryar Maman Lawali a rediyo, ana maimaita ta safe da yamma har yara suka haddace.

Amos ya zo a firgice da wani rahoto na hannu, shafi huɗu, yana bayyana abin da ya faru da ainihin gonar gwaji. Darekta ya karanta a tsaye.

"To yanzu mi kake so? In aika musu cewa kai da hannunka ka kai allo, ka sa hannu bisa ƙarya?"

"Mutane za su yi asara, ranka shi daɗe. Gida sun hi ɗari biyu."

"Wa ya ce maka irin ne? Hilin da kunka yi gwajin gishiri gare shi, kowa ya sani. Ka raba iri, ka bi su da shawara. Takardarka na bisa hanya."

Ya jefa shafi huɗun a aljihun tebur ya juya makulli. Amos ya fita yana maimaita maganar gishiri. Ya maimaita mini ita, ya maimaita wa direba, har na ga alamar ya fara yarda. Mutum in yana son abu, ba ya buƙatar a yi masa ƙarya mai kyau, ko wace iri aka ba shi zai gyara ta da kansa.

A watan Oktoba aka raba iri. Manoman Jiratawa sun san an kai allo, ai a gabansu aka yi. Amma sun ga Malam Amos ne da kansa yake miƙa musu, mutumin da shekara da shekaru bai taɓa ce musu baƙi fari ne ba, ga kuma taki. Suka karɓa suka shuka. Maman Lawali ma ya karɓa, ya karɓi takinsa, ya kai irin gida ya ajiye a gwangwani, ya shuka nasa na gado. Bai gaya wa kowa ba, saboda shi ne mai murya a rediyo.

Kafin ƙarshen Janairu gonakin tumatir na Jiratawa duk sun nannaɗe. Ka tsaya a kan hanya ka duba, ba ka ganin ja sai a gona ɗaya. Manoma suka daina gaishe da Amos. Wata rana suka sace masa iskar tayar moto, ya turo shi da ƙafa har bakin kwalta. Ƙungiyarsu ta rubuta ƙara, ta tsallake mu ta kai Yamai. Aka aiko cewa masu bincike za su zo ranar Laraba ta makon gaba.

Ranar Alhamis darekta ya kira ni ya rufe ƙofa, wannan karon da kyau.

"Hajiya Atika, takarda biyu za ki buga min. Ta hwarko, an tabbatar da Malam Amos shef na Jiratawa. Ki sa mata kwanan watan ɗaya ga Satumba."

Na ce, "Ranka shi daɗe, Satumba ta wuce da wata biyat."

"Na sani. Ta biyu, an sauke shi daga shef saboda sakaci wajen rabon iri da bin manoma, shi jira masu bincike. Ita ki sa mata Litinin mai zuwa."

Ya ga ina kallonsa, sai ya yi mini bayani a hankali kamar malamin lakwal a gaban ɗalibai. Mai riƙo ba shi da cikakken iko, saboda haka duk abin da ya yi yana wuyan wanda ya sa shi, wato darekta. Amma shef tabbatacce shi ke ɗaukar laifin reshensa. In takarda ta nuna Amos shef ne tun kafin a raba iri, to rabon nasa ne. Sai dai dole ya sa hannu ya karɓi muƙamin da kansa kafin ta biyu ta yi aiki. Don haka ta farko gobe Juma'a, ta biyu Litinin.

"Kuma Hajiya," ya ce, "ina 'ya'yanki Samira da Salima? Suna lakwal ɗinsu ta Sabon Gari ko? Madalla. Ba daɗi a raba yara da lakwal tsakiyar shekara."

Na gane. Wadda ta riga ni a kujerar nan ta taɓa sakin baki, aka tura ta wani reshe can bayan Dakwaro, har ta yi ritaya ba ta dawo ba. Na koma na buga takardun biyu, ɗaya bayan ɗaya, ban yi kuskuren harafi ko ɗaya ba. Na tsani darekta a ranar, na kuma tsani hannuwana da suka iya aiki haka.

Juma'a da hantsi Amos ya zo, an kira shi ta waya. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na miƙa masa ta farko. Ya karanta, ya sake karantawa, ya zauna a kan benci ba tare da an ce ya zauna ba.

"Ƙanwata, gaskiya ne wanga?"

"Ga hatimi nan."

"Cikin wanga hali? Ni na ɗauka kora ta za a yi." Ya sa yatsa a kan kwanan watan. "Dubi, har watannin baya ya ba ni. Ashe mutumen ga na da alkawali. Na zalunce shi cikin raina, Allah shi gahwarta min."

Ya sa hannu, ya rubuta "shef" a ƙasa, ya tsaya yana kallon kalmar. Ya ce ranar Lahadi bayan sujada za a yi 'yar godiya a gidansa a Tibiri, kuma in ban zo ba shi da ni. Ta biyun tana cikin aljihun teburina, gwiwata tana taɓa shi.

Na je. Na gaya wa kaina in ban je ba zai yi zargi, amma gaskiyar ita ce ina so in ga ko zan iya faɗa masa. Na hau kabu-kabu bayan azahar. Gidan cike yake da 'yan ikilisiyarsu da maƙwabta Musulmi, an shimfiɗa tabarmi har waje. Sun yanka akuya biyu, kuma maƙwabcinsu liman suka kira ya yanka don kowa ya ci. Matarsa Tamara ta tarye ni tun daga zaure ta rungume ni, tana ce wa mata, "Ga wadda ta buga takardar, ku gan ta!" Suka yi mini guɗa.

A ƙarƙashin rumfa akwai wani tsoho ƙwarai a kan kujera, idonsa ya tafi. Mahaifin Amos ne, Baba Yo'el. Aka kai ni gabansa na durƙusa. Ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Ɗiyata, ke kika rubuta?"

"Ni ce, Baba."

"To karanta min da bakinki, ki maida min ita Hausa. Yaran ga sun karanta min, amma ina so in ji daga mai ita."

Aka kawo takardar, har an riga an sa ta cikin leda mai tauri. Na karanta layi layi ina fassarawa, har kwanan wata, har sunan darekta. Muryata ba ta yi rawa ba. Tsohon yana gyaɗa kai, da na gama ya ce, "Na gaya mai tun shina yaro, ka riƙe gaskiya, ko an daɗe za a gani. Ga shi an gani." Mutane suka ce amin. Amos ya sunkuyar da kai, ni kuma na duba wani wuri.

Sau biyu na samu Amos shi kaɗai. Na farko a bakin randa, na buɗe baki sai na ce masa ruwan da sanyi. Na biyu da ya rako ni bakin hanya, yana ta zancen abin da zai yi: zai nemi irin gida wurin Maman Lawali a raba wa mutane baɗi, zai tsaya gaban masu bincike a matsayinsa na shef ya nemar wa manoma sassauci, yanzu maganarsa tana da nauyi. Na ce Allah ya taimaka. Na ci naman, kuma ya yi daɗi, wannan ma ban yafe wa kaina ba.

Litinin da safe darekta ya tafi rangadi tun kafin a buɗe biro. Amos ya zo ƙarfe tara da sabon yadi ruwan toka, an kira shi ya karɓi saƙo. Ya leƙo ta taga yana murmushi, na ce ya shigo ta ƙofa. Na miƙa masa ambulan.

Ya karanta sau ɗaya kawai. Ya ciro ta farko daga jakarsa, ya ajiye su gefe da gefe a kan teburina, yana duba kwanan watan wannan, yana duba na waccan. Ba wawa ba ne. Na ga lokacin da ya gane, kunnuwansa suka motsa kamar an mare shi.

"Darekta na ciki?"

"Ya tahi rangadi."

"Rahotona mai shahi huɗu hwa?"

"Ban san inda yake ba." Na san inda yake. Na ga an ƙone shi ranar Alhamis a bayan gareji.

Ya ce, "Yaushe kika buga wagga?"

"Alhamis."

"Da waccan?"

"Alhamis."

"Kenan jiya, da kike karanta ma Baba, kin sani."

"Na sani."

Na jira ya zage ni. Wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ya ce in ara masa alƙalami, na ba shi, ya sa hannu a inda aka nuna cewa ya karɓa, ya mayar mini da hular alƙalamin a rufe. Ya ajiye makullan reshen Jiratawa a kan teburin ɗaya bayan ɗaya, na ofis, na sito, na ɗakin famfo. Ya ɗauki takardunsa biyu ya fita. Moton ya ƙi tashi, ya yi ta bugunsa a tsakar sarwis cikin sabon yadinsa, ma'aikata suna leƙe ta tagogi, babu wanda ya fita ya tura masa. Da ya tashi, na ga ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe, bai juya hanyar Jiratawa ba, bai juya ta Tibiri ba, har mai gadi ya ce masa ya ba mota hanya.

Ba a yi minti goma ba wayar biro ta yi ƙara. Darekta ne.

"Ya sa hannu?"

"Ya sa, ranka shi daɗe."

"Madalla. Ki buga ma Hafizu tashi takarda, shi tahi Jiratawa gobe kahin baƙi su zo."

Hafizu wani malamin gona ne mai ƙwazo, shekararsa tara yana jiran a tuna da shi. Na ce, "A tabbatar da shi?"

"A'a, riƙo za ki sa. Tabbaci a aje shi tukuna, ba a san abin da noman baɗi zai yi ba."

Na ce to. Na jawo ordinata, na nemo takardar riƙon da na buga wa Amos shekara bakwai da suka wuce, na goge sunansa na sa na Hafizu.